Akwatin sabis na injin tsohuwar Kombi: ma'aunan sun yi, takardar ciki kuwa sai da hattara

Masu sayar da kayan tsofaffin motoci a intanet suna da wani akwati da suke haɗawa domin injin Volkswagen mai sanyaya kansa da iska, suna tallarsa da cewa duk abin da mutum ke buƙata don yi wa motarsa sabis a gida yana ciki. Na saye shi, na yi aiki da shi har kayan da ke ƙarewa suka ƙare, ga kuma abin da na gani. Ba zan kama sunan masu haɗa shi ba, domin akwai ƙorafi a maganata, kuma akwatuna irin wannan suna da yawa, kayan cikinsu kusan ɗaya ne.

Motata Kombi ce ƙirar 1971, cikin waɗanda kamfanin Westfalia ya mayar ɗakin kwana: gado, 'yar kabad, tebur mai naɗewa, da rufin da ake ɗagawa. Injin yana baya. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, cc 1,584, ƙarfin doki 50. Babu lagireto, babu ruwa. Fanka guda ce ke hura iska a kan silindojin, sai baƙin mai lita 2.5 da ke ɗaukar ragowar zafin. Irin injin da ke cikin ƙaramar Beetle ne, amma nan an ɗora masa gida guda da mutane da kayansu, ga faɗin goshin motar da ke tare iska. In an zo hawan tudu totur yana ƙasa ne har a kai sama. Shi ya sa ɗan sakacin da Beetle za ta yafe wa mai ita, Kombi ba ta yafewa. Ni ba makanike ba ne. Amma wanda ke kwana a motarsa nesa da gareji, dole ya san abu uku da hannunsa: tazarar bawul, taimin (daidai lokacin da fulogi ke ba da wuta), da fambel. Da wannan ma'aunin na auna akwatin.

A ciki akwai ma'aunin tazara mai siraran ganyayen ƙarfe, fitilar taimin mai walƙiya, 'yar fitilar gwaji mai waya da tsini, bokis na kwance fulogi, fulogi huɗu, kwantak (ɗan maɓallin da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya samu wuta) da kandansa, rota, gaskit biyu na murfin bawul, gaskit da wosha na rariyar baƙin mai, fambel ɗaya, da takardar bayani mai shafi huɗu. An shirya su da kyau, kowanne da gurbinsa, akwatin kuma yana shiga ƙarƙashin kujerar baya ba tare da rigima ba.

Ma'aunin tazarar shi ne sarkin akwatin, kuma a kansa zan fi daɗewa. An sassaƙa lambobin a jikin ƙarfen, ba bugawa aka yi da fenti ba, don haka baƙin mai bai goge su ba. Wanda ya taɓa riƙe mai arha ya san yadda lambobinsa ke ɓacewa har mutum ya koma cinta. Ganyen milimita 0.15, wanda shi ne ake nema a wannan injin, yana da laushin da zai lanƙwasa ya shiga tsakanin roka, wato ɗan hannun da ke danna bawul, da kan bawul ɗin, ya kuma miƙe bayan an zare shi. Ana iya kwance shi daga cikin sauran a riƙe shi shi kaɗai, abin da ke da amfani ƙwarai idan kana kwance a ƙasa, kanka kusa da tayar baya, hannu ɗaya da sukudireba ɗaya da sufana.

Aikin saita tazarar bawul ba ya yiwuwa sai inji ya yi sanyi ƙalau, wato ya kwana ba a tayar da shi ba. Dalili shi ne ƙarafan da ke cikinsa ba iri ɗaya suke buɗewa da zafi ba: kan silinda da sandunan da ke tura roka alminiyam ne, silindojin kuwa ƙarfen zubi. Lambar 0.15 ta injin sanyi ce, ga bawul na shiga da na fita duka. Za ka cire hular dilko, na'urar da ke raba wa fulogi wuta, ka juya fulin ƙasa har rota ta kalli ɗan tsagin da ke bakin dilkon, alamar maƙurar fistin (inda ya kai ƙarshen hawansa) da ke jikin fulin kuma ta zo daidai da layin da ya raba gangar injin biyu. Silinda ta 1 ke nan, wadda ke dama ta wajen gaban mota. Sai ka shiga ƙarƙashi, ka sa sukudireba ka danno wayar ƙarfen da ta riƙe murfin bawul, murfin ya faɗo hannunka da ɗan mai. Ga rokoki huɗu a jere: na gefe biyu na fitar hayaƙi ne, na tsakiya biyu na shigar mai. Ka sassauta notin mai lamba 13, ka zura ganyen, ka juya sukurun har ganyen ya riƙa fita da ɗan riƙo, kamar zare wuƙa daga kube mai ɗan tsauri. Inda aikin yake shi ne wajen ɗaure notin, domin yana jan sukurun ya tafi da shi, tazarar ta canza. Sai ka danne sukurun da sukudireba ka ɗaure, ka sake aunawa. Ni nakan gwada da ganyen 0.20 a ƙarshe: in ya shiga, ta yi faɗi, a sake.

Wata dabara da takardar ta kawo, kuma na yaba mata a kai: injin yana tashi ne 1-4-3-2, don haka in ka juya fulin baya, rabin zagaye kowane karo, silindojin za su zo maka 1, 2, 3, 4. Ka gama gefen dama gaba ɗaya kafin ka koma hagu, ba sai ka yi ta safa da marwa a ƙarƙashin mota ba.

Abin da takardar ba ta faɗa ba, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci, shi ne a auna kafin a gyara, a kuma rubuta. Ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa, kowane sabis ina rubuta yadda na tarar da bawul takwas ɗin. Bawul ɗin da ya yi faɗi ƙara kawai zai yi, kat-kat-kat, ya rage ɗan ƙarfi. Wanda ya matse shi ne mugu, domin shiru yake yi. Bawul na fitar hayaƙi yana huce zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. In tazara ta ƙare ba ya zama sosai, sai ya riƙa ƙonewa, wuyansa ya miƙe, wata rana kansa ya gutsure ya faɗa kan fistin. To inji ya buga ke nan. Idan littafinka ya nuna bawul guda yana matsewa sabis bayan sabis alhali 'yan'uwansa suna nan yadda ka bar su, ya riga ya gaya maka yana miƙewa, lokacin sauke kan silinda ya yi tun kana da zaɓi. An fi zargin na silinda ta 3, ta hagu wajen gaba. A injinan da suka riga na 1971, na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye ne cikin gidan fanka daidai kan hanyar iskar da ke zuwa mata, sai iskar ta iso ta da ɗumi. Daga baya an fitar da na'urar zuwa wani ɗan ɗaki nata a bayan gidan fankar, amma har yau duk mai Kombi da ta 3 yake fara tambaya. Ƙa'idar kamfani a duba bawul kowane kilomita 10,000. Yawancin masu ɗaukar nauyi irin namu suna haɗa shi da canjin mai a 5,000, ni ma haka nake yi.

Akwai wani gibi kuma. Injin da ya haura shekara hamsin da wuya a ce ba a taɓa buɗe shi ba, kuma wasu masu haɗa inji suna sa sandunan roka na baƙin ƙarfe a madadin na alminiyam. Waɗannan ana barin su kusan ba tazara ne. Takardar ba ta ce uffan ba. Ɗan maganaɗisu zai raba gardama: in ya kama sandar, ba alminiyam ba ce, 0.15 ba lambarka ba ce.

Gaskit ɗin murfin bawul na ɓawon itace ne, irin wanda ake toshe kwalba da shi, kuma yana da kauri daidai. Na manna shi a jikin murfin da ɗan giris, gefen da ke kallon kan silinda na bar shi haka, ban ga ɗigon mai ba. Abin lura kawai: bayan ka mayar da wayar, ka tayar da inji ka leƙa. In gaskit ya zame ciki, mai zai zubo kan bututun hayaƙi mai zafi, kuma lita 2.5 ba ya jimawa.

Kayan canjin mai ba su da abin faɗa mai yawa. Wannan injin ba shi da filta, rariyar waya ce kawai a ƙasan gangar, faranti ya rufe ta da noti shida masu lamba 10. Gaskit biyu na takarda da wosha shida na jan ƙarfe da suka zo a akwatin sun zauna daram. Ƙorafina a nan shi ne takardar ta ce a ɗaure notocin “sosai”. Ba sosai ba ne. Nm 7 ne kacal a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ɗaurin da yatsu biyu ke yi, kuma a tsallake-tsallake, ba a jere ba. Gangar injin haɗin magniziyam ce mai taushi. Ka ƙara ƙarfi kaɗan, ƙusar ta taso da zarenta gaba ɗaya. Akwatin da ake tallarsa ga sabon shiga ya kamata ya zo da ƙaramar sufana mai auna ƙarfin ɗauri, ko aƙalla ya rubuta lambar. Bai yi ko ɗaya ba.

Bokis ɗin fulogi yana da roba a ciki mai riƙe fulogin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fulogan suna can cikin rami ne ta jikin kwanon da ya lulluɓe silindojin. In ɗaya ya kuɓuce ya faɗa ciki, ranar ta tafi wajen kamun kifi da waya. Robar ta riƙe, har ta so ta yi yawa, don wani lokaci bokis ɗin yakan zauna a kan fulogin sandar ta fito ita kaɗai. Ɗan tef ya magance wannan. Fulogan masu gajeren zare ne, daidai da kan silindar 1600, sai dai tazararsu ba ɗaya ba ce da suka zo, sai da na daidaita su a 0.7. Ana kwance su ne inji na sanyi, a kuma fara ɗaura su da hannu, ni da guntun tiyo nake cusa kan fulogin in juya, domin in zare ya hau karkace tiyon zai zame kafin alminiyam ya ci. Kada kuma a manta da robobin da ke jikin wayoyin fulogi, masu toshe ramukan kwanon. In sun tsage iskar fanka ta nan take gudu. Babu su a akwatin.

Yanzu sai inda raina ya ɓaci, wato kandansa. Na sa sabon kwantak, na buɗe shi milimita 0.4, na shafa ɗan giris a jikin sandar dilkon inda ƙafar kwantak ɗin ke gogawa, na sa sabon kandansa da sabuwar rota. Mota ta tashi da bugu ɗaya, silo lafiya lau. Ba a yi nisa ba ta fara wani hali: da safe sumul, da ta yi zafi sai ta riƙa shiƙa, salansa na harbi, in an taka totur ta yi kamar za ta mutu. Ta huce, ta koma lafiya. Irin wannan ciwo yakan sa mutum ya tuhumi kafireto, ya yi ta juya sukurori har ya ɓata abin da ke daidai. Da na buɗe dilkon na ga fuskar kwantak ɗin, wanda sabo ne, ta yi shuɗi-shuɗi ta fara rami. Aikin kandansa shi ne shanye tartsatsin da ke tashi yayin da kwantak ya buɗe. In ya gaza, tartsatsin ya ci fuskar ƙarfen, wutar da ke zuwa fulogi ta raunana. Na mayar da tsohon kandansan da na cire, wanda Allah ya sa ban yar ba, na goge kwantak ɗin, ciwo ya tafi bai dawo ba.

Na rubuta wa masu sayarwa. Sun amsa da wuri, cikin ladabi, suka aiko da wani ba tare da neman in mayar da na farko ba. Wannan na yaba. Sai dai wanda suka aiko irin wancan ne sak, ba suna ba lamba a jikinsa, yana nan cikin akwati ban sa shi ba. Shawarata: in tsohon kandansanka na aiki, bar shi a wurinsa, sabon ya zama na ko-ta-kwana. In ka canza, tsohon ya bi ka a mota.

Fitilar taimin ta ba ni mamaki. Jikinta roba ce mara nauyi, da ganinta ba za ka ba ta wata biyu ba, amma haskenta na da ƙarfin da ake ganin alamar fuli ko da rana, in dai murfin injin ya yi inuwa. Wayoyinta sun kai batir cikin sauƙi, tunda a wannan motar batirin na cikin ɗakin injin ne ta dama. Maƙalin da ake kamawa a wayar fulogi ta 1 bai taɓa tsallake walƙiya ba. A ta 1 ɗin kuwa ake kamawa, ba wai don al'ada ba: wasu tsofaffin dilko an yi su ne suna jinkirta wutar silinda ta 3 da 'yan digiri don rage mata zafi, in ka auna da ita ka ɓata sauran ukun. Abin da fitilar ba ta da shi shi ne maɓallin da ake murɗawa a karanta digiri, don haka dole alamar ta kasance a jikin fulin.

Nan ne takardar ta yi babban kuskurenta. Ta ba da lamba ɗaya tilo: digiri 7.5 kafin maƙura, “ga dukkan injinan 1600”. Wannan ba gaskiya ba ne. Taimin na dilko ne, ba na inji ba. Akwai dilkon da 7.5 ɗin ce lambarsa, a silo, an cire masa tiyon iska an toshe. Akwai mai tiyo biyu da aka sa wa wasu motocin farkon shekarun 1970, wanda ake saitawa digiri 5 bayan maƙura, tiyoyinsa a haɗe. Akwai kuma wanda ba shi da tiyo sam, wanda ake kira 009, da ya cika tsofaffin motocin nan saboda arharsa. Shi wannan ba a silo ake yanke masa hukunci ba, domin yawan gaban da yake ƙarawa ya bambanta daga ɗaya zuwa wani. Ana ɗaga inji ne zuwa juyi 3,000 ko sama a minti, inda ya gama ƙara gabansa, a tabbatar ya tsaya tsakanin digiri 28 da 32. Kombi mai nauyi gara ta zauna ta ƙasa-ƙasan wannan. In wuta ta yi gaba da yawa, mota za ta yi daɗin ja a gari, mai ita ya yi ta murna, alhali a kan doguwar hanya fistin na dahuwa, kuma da yake injin na can baya, ƙarar gargaɗin ba ta iso kunnen direba.

Tsagin da ke jikin fulin ma ba abin amincewa ba ne ido rufe. An yi fuli iri-iri, wani tsaginsa maƙura ce, wani 7.5 da 10 kafin ta, wani 5 bayanta, kuma a shekara hamsin ana musanya su. Na fara tabbatar da maƙurar silinda ta 1, na sa mata farin fenti. Sannan na zagaya bakin fulin da tef ɗin awo, na raba tsawon gida 12, kashi ɗaya shi ne digiri 30, na auna shi zuwa dama daga alamar farko na sa ta biyu. Ƙanena ne ya riƙe min hannun totur a jikin kafireto ina haska fitila. Da injin ya ɗauki kuka sai ya ja baya yana cewa, “Yaya, ba zai fashe ba kuwa?” Na ce masa riƙe dai, a kan hanya ya fi haka kuka. A cikin walƙiyar sai ka ga farin ɗigon ya tsaya cak kamar fulin ba ya juyawa, yana matsowa hagu yayin da juyi ke ƙaruwa, har ya daina motsi. Inda ya daina ɗin nan ake nema. Na tarar da nawa ya wuce alamar 30 da kusan faɗin yatsa, wato wanda ya saita shi a baya da lambar silo ya yi aiki. Na sassauta notin maƙalin dilko mai lamba 10, na juya shi kaɗan, ɗigon ya dawo kan layi. A kula da hannun riga da wayoyin fitila, fambel na gudu ne tazarar taƙi daga hannunka. Kuma kwantak ake fara gyarawa kafin taimin, domin duk canjin tazararsa yana motsa taimin. Takardar ta jera su a juye.

'Yar fitilar gwajin kuwa, wadda na raina da farko, ita ce abin da zan fi kewa in ta ɓata. Waya ɗaya a kan tasha mai lamba 1 ta kwayil, inda wayar dilko ke shiga, tsinin a jikin inji, makulli a buɗe, ka juya dilko har ta kama. Da ita ake saita taimin inji na kashe, wanda ya isa ya kai ka gida in ka canza kwantak a bakin hanya. Kada dai a bar makullin a buɗe da daɗewa, kwayil na yin zafi.

Fambel ɗin mai kyau ne, faɗi milimita 9.5 da tsawo 905, amma na motar da ke da dainamo ne. Da yawa an mayar da su altaneta, wadda ke son 11.3 da 912, kuma shafin tallar bai tambayi wanne kake da shi ba. Duba naka kafin ka saya. Ana ɗaure shi ne da 'yan wosha da ke tsakanin ɓari biyu na fulin sama: ka cire ɗaya daga tsakiya ka mayar da ita waje, ya ƙara tsauri, har ya zama in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa yana nutsawa kamar milimita 15. Sabo yakan saki bayan ɗan tafiya, a sake dubawa. Wannan bel ɗin shi ke juya fanka, saboda fankar na manne ne a bayan dainamon. Don haka in jar fitilar caji ta kama kana tafiya, ba maganar batir ba ce da za ka ce sai an isa. Tsayawa ake yi nan take a buɗe baya.

Babban abin da babu a akwatin, kuma na kasa gane dalili, shi ne tiyon fetur. Tsofaffin Kombi sun yi suna wajen gobara, kuma sanadin sananne ne. Tankin na gaban injin ne, sama da inda tiyon ke fita, don haka in tiyo ya tsage fetur zubowa yake da kansa ko an kashe mota. Tsohon tiyo mai rigar zare yana ɓoye tsagewarsa, fetur mai haɗin itanol kuma yana cin irin robar da. Ɗan bututun da tiyo ke hawa a jikin kafireto da famfon mai cusa shi kawai aka yi, yakan zare, musamman in an rataya filta a tsakaninsu tana lilo da nauyinta, dilko mai tartsatsi kuwa yana nan ƙasa. In wuta ta kai ga gangar magniziyam, ruwa ba ya kashe ta. Mita biyu na tiyo mai ramin milimita 5.5 mai lambar R9, da maɗaurai masu kyau, sun fi rota da fulogan da ke akwatin amfani. Na saye su daban, na mayar da filtar ƙarƙashin mota kusa da tanki, na ɗaure bututun kafireton da siririyar waya. Abin kashe gobara kuma yana bayan kujerar direba, ba cikin ɗakin injin ba.

Haka nan takardar ba ta ambaci robar da ta zagaye injin ba, wadda ke raba ɗakin sama mai iska mai sanyi da ƙasa inda zafin salansa yake. In ta yage, ko an bar wani ɓangaren kwano a cire, fankar zafin da ta fitar take sake zuƙa. Ana iya saita bawul da taimin daidai wa daida inji ya ci gaba da dahuwa saboda wannan kaɗai. Layi biyu sun isa a faɗa.

Wa ya dace ya saya? Mai injin 1600 irin nawa, wanda ba shi da ma'aunin tazara da fitilar taimin tukuna. Shi kam ma'aunan uku da bokis ɗin za su daɗe tare da shi, gaskit ɗin kuma ba abin kunya ba ne. Wanda ya riga ya mallaki waɗannan, gara ya sayi kayan ƙarewa ɗai-ɗai daga inda ya san sunan mai ƙera su. Mai Kombi mai babban injin nan na 1.7, 1.8 ko lita 2, wanda aka fara sawa daga ƙirar 1972, ya sani gaskit, fulogi da fambel ɗin nan ba nasa ba ne: injinsa na da filtar mai, fankarsa na kan karanshaf, fulogansa masu dogon zare ne, na ƙarshe-ƙarshensu kuma, daga 1978, bawul ɗinsu da matsin mai suke daidaita kansu. Masu injin ruwa da suka biyo baya a shekarun 1980 kuwa, yawancin kayan ƙarewan da ke akwatin ba nasu ba ne. Shafin tallar ya rubuta “Kombi 1950 zuwa 1979” a dunƙule, abin da zai sa mutane da dama su sayi abin da ba zai hau motarsu ba.

Kafin ka taɓa dilko, ka goge jikinsa ka karanta lambar da aka buga a kai, ka nemi taimin ɗin wannan lambar a littafin gyara na shekarar motarka. Ni na yanke shafin takardar da ke da dabarar 1, 2, 3, 4 na manna a cikin murfin akwatin, na rubuta Nm 7 da 28 zuwa 32 a gefensa da alƙalami mai kauri. Gurbin da fulogan suka bari ya ɗauki maganaɗisu, kwalbar farin fenti, tsohon kwantak mai aiki da ragowar tiyon fetur.